Na sa wa telolina gasa, yanzu ba sa ga-maciji da juna

Assalamu alaikum Anti. Ina da shagon ɗinki a Kano, shekara tara ke nan, da ma'aikata 11: teloli shida, mai yanka, mai injin aiki, mai guga, da 'yan mata biyu masu koyo da ke sa maɓalli da duwatsu. Da na ga jikinsu ya yi sanyi, sai na fito da gasa. Duk telan da ya fi yawan kayan da ya ɗinka a wata, zan ba shi naira 30,000 a gaban kowa, in sa hotonsa a shafin shagon na Instagram. Watan farko abin ya yi armashi. Yanzu wata huɗu ke nan, sau uku ɗan yayata ke cinyewa, kuma wallahi ya fi su sauri. Amma sai rububin kaya masu sauƙi ake yi, a bar masu wuya a jibge. Masu kaya na dawo da su a gyara, ba mai taimakon wani, ba mai kula yaran da ke koyo. Abin da ya fi damuna, mai yankana da muka fara shagon tare tun ina da keke biyu ya daina magana in ba gaisuwa ba, na kuma ji ƙishin-ƙishin wani shago na zawarcinsa. Gaskiya albashi kan kai goma ga wata kafin in biya, saboda masu kaya ba sa biya da wuri. Ga azumi na ƙaratowa. In soke gasar ne, ko in ƙara kuɗin? Ni da kyakkyawar niyya na yi.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Na yarda da kyakkyawar niyya kika yi, domin uwar ɗakin da ba ta damu da mutanenta ba ba za ta ma lura mai yanka ya rage magana ba. Amsata ita ce kada ki ƙara ko kwabo a kan kuɗin gasar, kuma ki kawo ƙarshenta kafin a ga watan azumi. Sai dai akwai abin da ya riga gasar, wanda kika ambata a gurguje can ƙarshen wasiƙa, wato albashin da ke kaiwa goma ga wata.

Ki sa kanki a matsayin mai gugarki. Yau takwas ga wata bai ga albashi ba. Mai kantin unguwa da ke ba shi bashin gari da mai ya fara ɗaure fuska, kuɗin adaidaita sahu ma rance ya yi ya zo aiki. Sai aka tara su, aka ƙirga naira 30,000 aka miƙa wa mutum ɗaya, aka ce a tafa. Zai tafa, don ba ya son ya ɓata miki. Amma abin da zai koma gida da shi a rai shi ne ashe akwai kuɗi a shagon nan, nawa ne kawai ba a ga damar bayarwa ba. Ko da lissafinki bai nuna haka ba, shi haka zai gani, kuma ba za ki iya ganin laifinsa ba.

Albashi haƙƙi ne, kyauta kuwa ihsani ce, ba a kuma yin ihsani da kyau alhali haƙƙi na rataye. Ibn Majah ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa tun kafin guminsa ya bushe. A Sahihul Bukhari kuma akwai hadisi ƙudsi da Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada. Ban ce kin hana kowa ba, Allah Ya kiyaye, jinkiri kike yi. Amma jinkirin kwana goma a yau ba irin na da ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan daga naira 30,000 zuwa 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ba ta ɗaure ki ba, amma mutanenki kasuwa ɗaya suke shiga da kowa.

Gyaran wannan yana hannunki. Duk mai kawo ɗinki ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kaya kuma kada su bar shago sai an cika. Na san akwai manyan matan da ake jin nauyin gaya musu haka, to in kin ga dama ki ci gaba da ɗaga musu ƙafa, amma ke za ki ɗauki nauyin bashinsu, ba yaron da ke tsaye kan dutsen guga tun safe ba. Ki ware kuɗin albashi a asusu dabam tun daga tsakiyar wata, ki tsayar da rana ɗaya, ki faɗe ta, ki riƙe ta. Wata uku a jere ana biya ranar da aka ce zai gyara zukata fiye da duk kyautar da kika raba a wata huɗun nan.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya taɓa bin diddigin wannan al'amari. Shi da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh su ba da labarin lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi jin takaicinsa, aka buga sakamakon a 1959. Da suka zo labarin takaici, yawanci tsarin kamfani, halin shugaba, yanayin wurin aiki da albashi suka ambata. Da suka zo na jin daɗi kuwa, sai suka koma kan wasu abubuwa dabam: sun kammala aiki mai wuya, an gani an yaba, an damƙa musu amana, sun ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan binciken daga baya, amma a ganina gaskiyar da ke cikinsa duk mai shago ya san ta. Yabo ba ya toshe ramin da jinkirin albashi ya haƙa, biyan albashi shi kaɗai kuma ba ya sa mutum ya zuba zuciyarsa a aiki. Biyun ake buƙata, kuma haƙƙi ne a gaba.

Sai gasar kanta. Kin ce ana rububin kaya masu sauƙi, ni kuwa ban ga laifinsu sosai ba, domin da bakinki kika gaya musu yawa ake nema. Doguwar riga mara ado da za a gama kafin azahar ɗaya ce a lissafinki, kayan amarya na leshi da za su cinye kwana uku su ma ɗaya ne. Wane tela ne mai iyali zai zaɓi na amarya? Wanda ya tsaya ya nuna wa yarinya mai koyo yadda ake sa zif ya yi asarar rabin riga. Wanda ya warware ɗinkin da ya karkace ya sake shi ya yi asarar guda. Ba su sauya hali ba, Hajiya, sun dai fahimci abin da ake biya a kansa, suka bi. Wannan ba a ƙaramin shago kawai yake faruwa ba. A 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu da katunan bashi kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba, saboda an ɗora musu adadin da za su cike, aka kuma rataya lada da zaman aikinsu a kan adadin. Ma'aikata kimanin 5,300 aka kora. Banki ne mai ƙwararru da na'urori, amma da ya ƙirga yawa kawai, yawan ya samu.

Akwai kuma lissafin da ba ki yi ba. Gasar ta teloli shida ce, mutum ɗaya ke ci. Kafin tsakiyar wata sauran biyar sun riga sun san ba su ba ne, to me zai sa su ƙara himma? Mutum biyar kuma, wato mai yanka, mai injin aiki, mai guga da 'yan matan nan biyu, tun farko ba a ma sa su a ciki ba. Kin fito da abu don ki ƙarfafa mutum 11, ya faranta wa ɗaya, ya sanyaya gwiwar goma.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wasiƙarki shi ne mai yanka. Duk rigar da ɗan yayarki ya ɗinka har ya ci kyauta, ta almakashin mutumin nan ta fara bi. Shadda ko leshin da mai kaya ta saya da tsada a Kantin Kwari, kuskuren yanka guda ɗaya ya isa ya sa ki biya kuɗin yadin gaba ɗaya, ki kuma rasa mai kayan da ƙawayenta. Shekara tara yana tsare ki daga wannan asara, kuma irin aikinsa ba a ganinsa sai ranar da ya ɓaci. Sai ga shi yana tsaye ana ɗaukar hoton yaron da wataƙila shi ya koya masa riƙe tef. Ina kyautata zaton ba naira 30,000 ɗin ce ta yi masa ciwo ba. Abin da ya gani shi ne an tashi yabo a shagon da ya taya ginawa, ba a tuna da shi ba.

Ki je wurinsa a wannan makon, kada ki jira ya zo miki da sallama. Ba a tsakiyar shago ba, ba kuma ta waya ba. Ki kira shi ku zauna bayan an tashi, ko ma ku taka har gidansa ke da maigidanki, don takawar kanta magana ce. Kada ki fara da jita-jitar da kika ji, zai ɗauka tsoron tafiyarsa ne ya kawo ki. Kada kuma ki fara da kuɗi. Ki ce masa kin fito da tsarin da bai ba shi matsayinsa ba, kuma kin gane. Ki ambaci abubuwan da kike tunawa da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, irin daren jajiberen Sallar da ya ƙi tafiya gida sai da aka sallami mai kaya ta ƙarshe. Sannan ki tambaye shi me yake gani ya lalace a shagon, ki yi shiru ki saurara, ko da abin da zai faɗa bai yi miki daɗi ba. Bayan haka ne za ki zo da abin hannu: ƙarin albashi da ya dace da shekarunsa, da matsayin shugaban aiki a fili. Shi zai riƙa raba kaya ga teloli, mai wuya da mai sauƙi daidai wa daida, kuma babu rigar da za ta shiga leda sai ya duba ta. Wannan kaɗai zai kashe rububin, ya rage kayan da ake dawowa da su.

Ki kuma tambaye shi inda yake son ganin kansa nan da shekara biyu ko uku. 'Yan kasuwar Kano sun daɗe da sanin wannan. Yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru a Kwari ko Kurmi, ya riƙe amana, ubangida ya yi masa aure, wani ya biya masa kujerar Makka, a ƙarshe ya sallame shi da jari ko rumfa. Abin da ke sa yaron ya tsare dukiyar kamar tasa shi ne ya san akwai inda tafiyar za ta kai shi. Ban ce ki buɗe masa shago gobe ba. Amma mutumin da ya shekara tara a teburin yanka yana da haƙƙin ya ji ko akwai kaso a riba, ko reshe na biyu da zai riƙe, ko sallama mai mutunci a gaba.

Ɗan yayarki ba shi da laifi don yana da sauri, kada a huce a kansa. Amma ki sani ko da gaskiya ya ci, in ke kaɗai ke ƙirga kuma ɗanki ke ci, ba wanda zai yarda a ransa. Ki kira shi gefe ki gaya masa kin ga saurinsa, yanzu kina son ganin hannunsa a kaya masu wuya. Littafin aiki kuma ya koma hannun mai yanka, a buɗe, kowa ya iya dubawa.

Game da azumin da ke tafe, ga abin da zan yi da ni ce ke. Ki biya wanda ya ci wannan watan kamar yadda kika alkawarta, don kada a ce kin janye magana. Sai ki tara su duka ki ce gasar ta ƙare, ga abin da ya maye gurbinta. Ki ware wani kaso na kuɗin ɗinkin Sallah, ko da biyar cikin ɗari ne, gwargwadon abin da kika tabbata za ki iya, ya zama na ma'aikata gaba ɗaya, tun daga mai yanka har 'yan mata masu sa maɓalli, kowa da rabonsa bisa nauyin aikinsa. Rabon teloli a lissafa shi da kuɗin ɗinkin kayan da mutum ya yi, ba da yawansu ba, ta yadda mai kayan amarya ba zai cutu ba. Duk kayan da aka dawo da su saboda kuskuren shago a cire kuɗinsu daga cikin kason. Kin ga yanzu in ɗinkin wani ya karkace, na kusa da shi yana da dalilin ce masa ya gyara, yana kuma da dalilin taya shi. A rubuta tsarin a takarda a manna a bango tun kafin ɗaya ga azumi, a sa ranar biya, kuma ranar ta zama kwana biyu ko uku kafin Sallah. Kuɗin da ya zo bayan an sauko daga Idi ya rasa rabin daɗinsa, domin lokacin da mutum ke son ya saya wa yaransa takalma ya wuce. Za a iya samun mai laɓewa a bayan wasu, amma a shagon mutum 11 malalaci ba ya ɓuya, littafin aiki zai nuna shi.

Kada ki raina ƙananan abubuwa a watan. Abin buɗe baki a shago, sahur ga masu kwana kan keke, fanka mai aiki, man janareta da ba sai an roƙa ba, da kuɗin mota ga 'yan matan nan su koma gida kafin dare ya yi. Waɗannan ba kyauta ba ne a wurina, suna cikin abin da ya wajaba kan wanda ya sa mutane aikin dare suna azumi.

Sauran shi ne yabo, wanda ba ya cin kuɗi amma yana cin lura. "Sannunku da aiki" da ake jefa wa kowa a bakin ƙofa gaisuwa ce, tana da kyau, sai dai ba wanda ke jin da shi ake. Ki ɗauki rigar a hannu, ki kira wanda ya ɗinka ta, ki ce wuyan nan da ka fitar ya zauna, mai ita ta kira ni da kanta. In mai kaya ta turo saƙon murya ta WhatsApp tana yabawa, ki kunna wa telan ya ji da kunnensa a ranar, kada ki bari sai ƙarshen wata. In ta ba da tukuici, ya isa hannun waɗanda suka yi aikin. Ki yabi wanda ya tsaya ya koya wa yarinya a gaban kowa, don su san wannan ma ana ganinsa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah, kuma ban ga inda aka cire ma'aikacin mutum daga cikin mutanen ba. Amma kada ki yabi abin da bai yi kyau ba don a ji daɗi, teloli sun fi ki sanin ɗinkin da ya karkace, in suka gane yabonki na kowa da komai ne zai zube. Faɗa kuwa a bayan labule, ba a gaban mai kaya ba. Tela na iya manta kyautar bara, amma ba ya manta ranar da aka tsinka shi a gaban baƙuwa.

Hoton Instagram ma ki sake tunani a kansa. Wani yana so, wani kunya yake ji, yarinya kuma wataƙila gidansu ba za su so ba. Ki tambaya tukuna. Abin da yawanci zai fi yi musu daɗi shi ne a sa hoton rigar a rubuta wane ne ya ɗinka. Na san masu shago na tsoron haka, wai za a zo a janye musu teloli. To ai wanda aka fara zawarci a shagonki shi ne wanda ba a taɓa ambatar sunansa ba. Haka nan ba kowa kuɗi ya fi so ba. Wani burinsa a koya masa injin aiki, wani a taimaka masa da kuɗin makarantar yara a watan Satumba, yarinya mai koyo kuma ba abin da zai kai mata jin cewa ranar da ta gama za ta tafi da kekenta. Ba za ki san wannan ba sai kin zauna da kowannensu kin tambaya. Ranar da aka yi wa ɗayansu haihuwa ko rasuwa, ko ya kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ki je da ƙafarki.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan mai yanka ya ce ya riga ya ba wancan shagon magana. In haka ta faru kada ki yi fushi, kada ki riƙe masa ko sisi. Ki roƙe shi ya raka ki zuwa bayan Sallah, ya kuma zaɓi ɗaya daga cikin telolin ya fara nuna masa yanka tun yanzu. Ki ba shi rabonsa na kason Sallah cikakke, ki haɗa masa da sallama daidai ƙarfinki, ki yi masa godiya a gaban sauran, ki ce masa ƙofa a buɗe take. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa a ga watan lafiya.